Tsakanin 'yan Birazil da 'yan Sifaniya mazauna ƙetare, wa ya fi rufin asiri?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin zamantakewa, an ba mu aiki kan al'ummomin da ke zaune a wajen ƙasashensu, na zaɓi 'yan Birazil da 'yan Sifaniya. Su wa suka fi samu da matsayi a inda suke zaune, kuma me ya kawo bambancin?

Amsa: Yauwa, barka kadai. In kuɗin goro za a yi musu, 'yan Sifaniya ne a gaba. Sun fi tsayayyen aiki, doka ta fi ba su kariya, tsufansu ya fi zuwa da fansho, kuma da wuya ka ji an tasa ƙeyar ɗayansu gida. Amma kada ka rubuta wa malaminka cewa ilimi ko himma ce ta raba su. Matar Birazil da ke share gidaje a Boston ta fi kakan ɗan Sifaniyan da ya sauka tashar jirgin ruwan Buenos Aires karatu nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su shi ne irin takardar da kowa ya shiga da ita, da tsawon shekarun da kowa ya yi a wurin, sannan abin da ya faru da 'ya'yansu a makaranta.

Fara da ƙidaya, don a nan ɗalibai suka fi zamewa. Hukumar ƙididdiga ta Sifaniya tana da rajistar 'yan ƙasa mazauna waje, kuma a farkon 2025 sunayen da ke ciki sun haura miliyan 3. Sai dai waɗanda aka haifa a Sifaniya a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mafi yawa 'ya'ya ne da jikoki, haifaffun Ajantina da Faransa da Kyuba da Meksiko da Benezuwela, kuma dokar 2007 da ta 2022 ne suka buɗe wa da yawansu ƙofar karɓar fasfon kakanni. Ajantina kaɗai tana da wajen rabin miliyan. Ke nan idan rajista ta ce ga ɗan Sifaniya mazaunin waje, sau da yawa wani lauya ne ko mai kanti da aka haifa a Rosario ta Ajantina, ya yi makaranta a can, ya gaji gidan ubansa, wataƙila bai taɓa taka Madrid ba. Ɗan gari ne mai fasfo biyu, ba ɗan ci-rani ba.

Birazil kuwa ƙiyasi take fitarwa. Ma'aikatar harkokin wajenta tana tattaro hasashen ofisoshin jakadancinta, kuma na 2023 ya ba da kimanin miliyan 4.9: wajen miliyan 2 a Amurka, rabin miliyan a Fotugal, sai Faragwai da Birtaniya da Japan, kowacce da dubu 200 da 'yan kai. Haifaffun Birazil da hukumar ƙidaya ta Amurka take gani ba su kai rabin wancan miliyan 2 ba. Wani ɓangare na giɓin 'ya'yan da aka haifa a can ne, wani kuma marasa takardu ne, waɗanda ba sa buɗe ƙofa in mai ƙidaya ya ƙwanƙwasa. Akwai wani tarkon kuma a alƙaluman Amurka: gwamnati tana sa ɗan Sifaniya cikin rukunin masu asali da ƙasashen Sifaniyanci, tare da 'yan Meksiko da 'yan Kyuba, tana cire ɗan Birazil saboda harshensa na Fotugis ne. Wani kuskuren sarrafa bayanai a binciken 2020 ya tona cewa sama da kashi biyu cikin uku na 'yan Birazil da kansu suke sa kansu a wannan rukuni, hukuma ce ke goge su daga baya. Sai ka duba wa ke cikin jadawali kafin ka kwafa.

Yanzu ga maganar daɗewa. Tsakanin 1880 da 1930 'yan Sifaniya kimanin miliyan 4 suka tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, galibinsu talakawan karkara daga Galicia da Asturias da Andalusiya da tsibiran Kanari, waɗanda gonar gado ta yi wa kaɗan ko ba su da ita sam. Ajantina da Kyuba suka fi ɗauka, Birazil ta biyo baya. Mutane sukan manta cewa akwai lokacin da ɗan Sifaniya ne lebura a Birazil. Bayan an soke bauta a 1888, an riƙa biya wa iyalai kuɗin jirgi su zo gonakin gahawa na São Paulo su maye gurbin bayi, kuma wahalar da suka sha a waɗannan gonaki ta kai ga gwamnatin Madrid ta haramta irin wannan tafiya ta kyauta a 1910.

Waɗanda suka ɗaga a cikinsu galibi ta kanti suka ɗaga. Yaro ɗan shekara 14 kawunsa zai aiko masa da kuɗin jirgi. Ya isa Havana ko Buenos Aires, ya yi shara, ya yi dako, ya kwana a bayan kanta, albashinsa yana hannun maigida ana tara masa. Bayan shekaru a ba shi kaso cikin riba, daga nan ya buɗe nasa shagon, shi ma ya aika gida a turo masa ɗan ƙanwarsa, kusan irin yadda ubangida ke sallamar yaronsa da jari a kasuwanninmu. Ramón Areces haka ya fara, yaron kanti a El Encanto na Havana inda kawunsa yake da ƙarfi, ya komo ya kama wani shagon ɗinki a Madrid a tsakiyar shekarun 1930, shagon da ya zama El Corte Inglés, babban kamfanin kantuna na Sifaniya. Bimbo, wanda ya fi kowane kamfanin burodi girma a duniya yau, a Meksiko aka kafa shi a 1945, kuma Lorenzo Servitje da ya jagoranci kafa shi ɗan baƙi ne daga Kataloniya masu gidan burodi. Ba su kuma jira gwamnati ba. Kowane yanki ya kafa ƙungiyarsa, ana biyan kuɗin wata-wata, ƙungiya ta gina asibiti da makarantar dare, ta tanadi maƙabarta. Ta mutanen Galicia a Havana tun 1879 take, ta Buenos Aires 1907. A Salvador ta jihar Bahia mutanen Galicia sun kama harkar burodi da kayan masarufi, suka gina asibitinsu, har ƙungiyar ƙwallo suka kafa a 1933.

Kada manyan sunaye su ruɗe ka. Mafi yawansu rufin asiri suka samu, da yawa kuma sun koma gida hannu Rabbana. Waɗanda suka tara ma ƙasar da suka zauna ta sha cinye musu: gwamnatin juyin juya halin Kyuba ta ƙwace kantuna bayan 1959, rikicin bankunan Ajantina na 2001 ya narkar da ajiya, durƙushewar Benezuwela ta mai da fanshon tsofaffi abin da ba ya sayen magani. Sai dai a nan wani bambanci yake fitowa. Sashe na 42 na tsarin mulkin Sifaniya na 1978 ya ɗora wa gwamnati kula da haƙƙin ma'aikatanta da ke waje, kuma tana biyan tallafi ga waɗanda suka yi ƙaura, suka kai shekara 65, suka rasa abin hannu a ƙetare. Tsohuwar da ta bar Galicia tana yarinya ta tsufa a Caracas tana da inda za ta kai kuka. Birazil ba ta da tsari makamancin wannan.

Fitar 1939 daban ce, gudun yaƙi ne. Kusan rabin miliyan suka kwarara Faransa da sojojin Janar Franco suka ci Kataloniya a yaƙin basasar Sifaniya, aka zuba su a sansanoni a bakin teku. Kimanin dubu 20 da Meksiko ta karɓa tun daga zamanin Shugaba Lázaro Cárdenas kuwa akwai malaman jami'a da likitoci da marubuta da yawa a cikinsu, su suka ɗaga sunan al'ummar a can.

Zangon da ya fi kama da halin 'yan Birazil na yau shi ne na 1960 zuwa 1973, lokacin da kimanin miliyan 2 suka tafi ƙwadago Jamus da Faransa da Suwizalan. Aikin ƙarfi ne zalla: masana'anta, gini, ma'adinai, mata kuma aikatau da gadin ƙofa a gidajen masu kuɗin Paris. A Suwizalan akwai izinin wata tara da ba ya barin mutum ya kawo iyali. Amma gwamnatin Franco ta kafa hukumar ƙaura tun 1956, ta sa hannu kan yarjejeniya da Jamus ta Yamma a 1960, da Faransa da Suwizalan a 1961. Ba kowa ya bi ta hukuma ba, da yawa sun fita da sunan yawon buɗe ido suka gyara takardu daga baya, amma hanyar gyaran a buɗe take, domin masana'antu na neman hannu ido rufe. Mutum ya samu kwantiragi, ana cire masa kuɗin fansho, yana cikin ƙungiyar ƙwadago. Gwamnatinsu ma tana da dalilin kula da su, tunda kuɗin da suke aikowa da na masu yawon buɗe ido su ke cike giɓin cinikin ƙasar da waje. Anne Hidalgo, wadda ta zama magajiyar garin Paris a 2014, 'yar wannan zango ce: an haife ta kusa da Cádiz a 1959, ubanta mai aikin lantarki, uwarta tela, suka koma Lyon tana ƙarama.

Sai Sifaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1986, ma'aikatanta suka samu cikakken 'yancin zirga-zirga a 1992. Leburan da ke Stuttgart bai canza aiki ba, bai ƙara karatu ba, amma ya tashi daga baƙon da ake iya kora ya koma mai haƙƙi. Shi ya sa da tattalin arziki ya rushe bayan 2008, rashin aiki ya kai kashi 26 cikin 100 a 2013, na matasa ya haura kashi 50, waɗanda suka fita ba su nemi biza ba, tikiti kawai suka yanka. Da yawa sun wanke kwanuka a Landan da digiri a jaka, kuma sun yi ta ƙorafi a kai. Amma mai wanke kwanon yana iya ajiye aikin gobe ya nemi wani, shaidarsa ta jinya ko injiniya ana karɓarta, in abin ya ƙi kuma tafiyar awa biyu da 'yan kai ce ya koma ɗakin uwarsa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rufe wannan ƙofa ga sababbin zuwa daga 2021, a sauran ƙasashen tarayyar kuwa tana nan.

Birazil ta daɗe tana karɓar baƙi kafin ta fara fitar da nata. Akwai dai 'yantattun bayin da suka komo gaɓar Afirka ta Yamma, musamman bayan tawayen Musulmi na 1835 a Salvador ta Bahia, jihar da Hausawa ke da yawa cikin bayinta. Su ne Aguda na Legas da Tabom na Accra, kuma da sana'ar hannu suka yi suna, gini da kafinta da ɗinki. In ka cire su, fitar 'yan Birazil da yawa ba ta fara ba sai shekarun 1980. Bashi ya danne ƙasar, a Maris 1990 Shugaba Collor ya kulle ajiyar mutane a bankuna, hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin 100 a 1993. Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne mai matsakaicin hali: malamin makaranta, ma'aikacin banki, mai ƙaramin shago. Shi ne kuma ke da kuɗin tikiti da takardun da zai nuna a ba shi bizar ziyara. Talaka futuk ba ya kai wa filin jirgi. Shi ya sa 'yan Birazil na Amurka da Turai suka fi na gida karatu, suka kuma fi su hasken fata, alhali a ƙidayar 2022 sama da rabin 'yan ƙasar baƙaƙe ne ko ruwa biyu.

Garin Governador Valadares na jihar Minas Gerais shi aka fi misali da shi. Amurkawa sun zo harkar ma'adinai a yankin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka saba, samari suka fara tafiya a shekarun 1960, kowa ya ja ɗan'uwansa, har garin Framingham a Massachusetts da unguwar Ironbound a Newark suka cika da mutanen Minas. Maza gini da fenti da gyaran lambu da kicin ɗin gidajen abinci, mata sharar gidaje. Dubi yadda sharar take tafiya, don a nan za ka ga samu da matsayi sun raba hanya. Mace za ta tara gidaje 20 ko 30 da take sharewa mako-mako ko bayan mako biyu, masu gidajen sun ba ta makullai don sun yarda da ita. Wannan jerin gidaje shi ne jarinta. Ta sayi mota, ta ɗauki sababbin zuwa biyu tana biyansu kuɗin yini, ita ke karɓa daga masu gida. Ranar da za ta koma ƙasarsu sai ta sayar wa wata da jerin a kan abin da ya kai samun 'yan watanni, ta zagaya da ita gida-gida tana gabatar da ita. Abin da take samu a mako ya fi abin da take ɗauka a wata lokacin da take koyarwa a Minas, ta gina bene a Valadares, ta sa ƙannenta a jami'a. Amma a gida ita ma wataƙila tana da 'yar aiki, kuma ba kowa take gaya wa sana'arta ba. Maxine Margolis, masaniyar al'adun da ta bibiyi 'yan Birazil na New York tun ƙarshen shekarun 1980, wannan sauka daga matsayi don hawan samu shi ta fi nunawa.

Dalilin da ya sa ta yarda da wannan ciniki, 'yar Sifaniya kuma ba za ta daɗe a kai ba, yana cikin albashin gida. Mafi ƙarancin albashi a Sifaniya a 2025 Yuro 1,184 ne, ana biya sau 14 a shekara. Na Birazil Real 1,518 ne, bai kai Yuro 300 ba.

Sai matsalar takardu. Ɗan Sifaniya tun 1991 yake shiga Amurka ziyara ba biza, kuma masu zuwa zama a yau galibi kamfani ne ko jami'a ko asibiti ke kawo su. Ɗan Birazil sai ya yi layi a ofishin jakadanci, in an hana shi ya bi ta Meksiko. A 2005 an kama kimanin dubu 30 a iyakar, a 2021 sama da dubu 50, kuma duka lokutan biyu Meksiko ta maido musu da sharaɗin biza. Wanda ya shiga ta nan, ko bizarsa ta ƙare ya zauna, yana iya yin shekara 20 yana samun kuɗi, amma digirinsa ba ya aiki, ba ya iya zuwa jana'izar mahaifiyarsa ya dawo, kuma a Massachusetts sai a Yulin 2023 aka fara ba irinsa lasin tuƙi. Waɗanda ƙidaya ke gani kuwa halinsu ba laifi: kimanin huɗu cikin goma suna da digiri, samun gidajensu yana kusa da matsakaicin na ƙasar.

Wani abin da kuɗin goro ke ɓoyewa shi ne tazarar da ke tsakanin 'yan Birazil su kansu. Ƙasar tana cikin waɗanda mai kuɗi da talaka suka fi nisa da juna a duniya, kuma ta fitar da wannan tazara waje yadda take. A sama akwai Jorge Paulo Lemann a Suwizalan, da Eduardo Saverin, ɗaya daga waɗanda suka kafa Facebook, a Singafo, da masu sayen gidaje a Miami da Orlando da Cascais, da 'yan ƙwallo sama da dubu da ke taka leda a ƙasashen waje. A ƙasa akwai masu haƙar zinare a dazuzzukan Suriname da Guyana ta Faransa, da mahautan da aka kwaso daga Anápolis zuwa mayankar garin Gort a Ayalan, da ɗaliban Turanci masu kai abinci a keke a Dublin. A Faragwai ma abin ya juye: manoman kudancin Birazil da suka tsallaka a shekarun 1960 da 1970, lokacin da gwamnatin Shugaba Stroessner ke sakin filayen gabas da araha, su ne yau manyan masu noman waken suya, 'yan ƙasa ke yi musu ƙwadago, rikicin fili kuma bai ƙare ba. Ko a can ɗin akwai dubbai da suka je aikin gona suka dawo ba su mallaki ko kadada ɗaya ba. Fotugal ce inda harshe da yarjejeniya suka fi sauƙaƙa musu, su ne baƙi mafi yawa a ƙasar, amma albashin can ƙarami ne, haya ta yi tsada, a 2024 kuma hukumar baƙi ta tara fayiloli dubu ɗaruruwa ba ta duba ba.

Da takarda ce kaɗai magana, da 'yan Birazil na Japan sun fi kowa. Jirgin Kasato Maru ya sauke ayarin Japanawa na farko a Santos a 1908, jikokinsu suka shiga sahun masu ilimi a Birazil. A 1990 Japan ta gyara dokar shige da fice, ta ba 'ya'ya da jikokin Japanawa izinin zama da aiki ba tare da ƙayyade sana'a ba. Suka tafi da halaltacciyar biza, har suka haura dubu 300 a 2007, a garuruwan masana'antu irin su Hamamatsu da Toyota da Oizumi. Sai dai galibi ba kamfanonin ke ɗaukarsu kai tsaye ba. 'Yan kwangilar samar da ma'aikata ne ke ɗaukarsu, biyan awa-awa, kwantiragin 'yan watanni, gidan kwana na ɗan kwangila, motar da ke kai su aiki ma tasa. Akanta daga São Paulo ya tsaya awa 12 yana haɗa kayan mota, bayan shekara 15 yana nan inda ya fara, Japanancinsa bai wuce na gaisuwa ba don layin aiki ba ya buƙatarsa. Da rikicin 2008 ya zo, aiki da gida suka tafi rana ɗaya. A 2009 gwamnati ta ba duk ma'aikacin da ya yarda ya koma gida Yen dubu 300, kowane na ƙarƙashinsa dubu 200, kimanin mutum dubu 20 suka karɓa suka tafi.

Babbar asarar a kan yara ta faɗa. Dokar tilasta karatu a Japan 'yan ƙasa ta shafa, haihuwa a can kuma ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Iyaye suna cewa shekara uku za su yi su koma, sai a sa yaro a makarantar kuɗi ta harshen Fotugis, in kuɗi ya yanke a cire shi, ko a kai shi ta gwamnati ya zauna ba ya jin abin da ake faɗa. Yara da yawa suka tashi ba su ƙware a ko ɗaya cikin harsunan biyu ba, suka bi iyayensu masana'anta tun kafin su mallaki hankalin kansu. Binciken ma'aikatar ilimi ta Japan na 2019 ya gano yaran baƙi kusan dubu 20, na ƙasashe daban-daban, da ba a tabbatar suna zuwa makaranta ba. Hamamatsu ta tashi tsaye a kan wannan tun 2011, abubuwa sun gyaru, yanzu ana samun 'ya'yan 'yan Birazil a jami'o'in Japan, amma tsarar farko ta riga ta sha kashi.

Kwatanta da 'yan Sifaniya a Jamus. Su ma da niyyar komawa suka je, karatunsu kuma bai kai na Japanawan Birazil ba ko kusa. Hukumomin wasu jihohi sun so a ware 'ya'yan baƙi a azuzuwa na daban da harshen iyayensu, a shirya su komawa gida. Iyayen suka ƙi. Da taimakon limaman cocinsu suka kafa ƙungiyoyin iyaye gari-gari, suka haɗe su a 1973, buƙatarsu kuwa ita ce yaro ya shiga aji ɗaya da ɗan Bajamushe, Sifaniyanci a koya masa a gefe. Suka samar da masu taya yara aikin gida, suka riƙa wayar wa juna kai kan yadda makarantun Jamus ke rarraba yara tun suna shekara 10, don kada a tura nasu layin da ba ya kai wa jami'a. 'Ya'yansu suka shiga sahun gaba cikin 'ya'yan ma'aikatan baƙi wajen kai wa makarantun share fagen jami'a, suka wuce 'ya'yan Italiyawa da nisa, alhali Italiyawa sun riga su samun 'yancin zirga-zirga da fiye da shekara 20. Masanin siyasa Dietrich Thränhardt ya yi rubutu sosai a kan wannan. A ganina wannan kwatanci ya fi cancanta ya zama ginshiƙin aikinka, domin duka ɓangarorin biyu masu takarda ne, duka leburorin masana'anta ne, ajin makaranta ne ya raba 'ya'yansu.

In kana son ganin bambancin a fili kuma, dubi kowanne a ƙasar ɗan'uwansa. 'Yan Sifaniyan da suka shiga Birazil daga ƙarshen shekarun 1990 da jakar kamfani suka shiga: Telefónica ta sayi kamfanin wayar São Paulo a 1998, Santander ya sayi bankin Banespa a 2000, manajoji da injiniyoyi suka biyo. 'Yan Birazil na Sifaniya kuwa mata sun fi yawa, aikinsu ya fi karkata ga aikatau da kula da tsofaffi da otal da gidajen abinci, maza kuma gini kafin harkar ta rushe. A 2008 filin jirgin Barajas na Madrid ya riƙa mai da 'yan Birazil gida, har da ɗaliban jami'a masu wucewa zuwa taro, Birazil ta rama a kan 'yan Sifaniya, a 2012 kuma ta gindaya musu sharuɗɗan shiga irin waɗanda ake gindaya wa nata. Duk da haka dokar Sifaniya tana ba ɗan Birazil damar neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 2 kacal na halaltaccen zama, inda ɗan Najeriya ko Nijar sai ya yi 10.

Shawarata kan tsarin aikin ita ce kada ka kwatanta ƙasa da ƙasa, ka ɗauki gari ɗaya da zango ɗaya. Landan ko Dublin tsakanin 2008 da 2020 za su yi maka, domin a can za ka samu rukuni uku: ɗan Sifaniya, ɗan Birazil mai fasfon Birazil kaɗai, da ɗan Birazil da ya tono takardar haihuwar kakan kakansa a wani ƙauyen Veneto ya karɓi fasfon Italiya. Na ukun nan harshensa da karatunsa irin na na biyu ne, amma yana iya yin cikakken aiki, ya canza maigida, ya yi rajistar sana'arsa kamar na farko. Na biyun, in da bizar ɗalibi yake a Dublin, awa 20 a mako doka ta yarda masa lokacin karatu. Ka auna aikin kowanne da samunsa bayan shekara biyar da zuwa, ka ga na ukun da wa ya fi kusa. Ka kuma lura da kwanan wata in za ka yi maganar gaba: a Maris 2025 Italiya ta taƙaita wannan haƙƙi ga 'ya'ya da jikoki, ta cire tattaɓa-kunne da na bayansu, wa'adin neman fasfon Sifaniya ta dokar jikoki ta 2022 kuma ya cika a Oktoban 2025, don haka rukuni na uku zai ragu sosai cikin waɗanda za su fito daga Birazil nan gaba.